Ma'aunin Hirsch da Darajar Malamin Lissafi

Tun ranar da wani abokin aikina ya tsare ni da hujja, muna tafe daga Ƙofar Ɗan Agundi zuwa tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, cewa lamba guda ta wadatar a auna malami da ita, wato ma'aunin da Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005, ban gushe ba ina jujjuya maganar, domin mai ita ba jahili ba ne, kuma ba da wasa ya faɗa ba. Ma'aunin dai sananne ne: wanda ke da maƙala 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20, lambarsa 20 ke nan.

Mafi ƙarfin hujjarsa adalci ne. Ya ce 'yan kwamitin ƙarin girma mutane ne, suna da 'yan mowa da 'yan bora, alhali kwamfuta ba ta san ɗan wane ba. Wannan na sallama masa, amma mizanin da bai san kowa ba, bai san fanni ba ma. Maƙalar Kaplan da Meier ta 1958, da ta David Cox ta 1972, likitoci ne suka yi ta ambatonsu dubbai, saboda kayan aiki ne da kowane mai binciken cuta ke ara. Shi kuwa mai lissafin jeri da haɗi, wanda kan shekara biyu a kan mas'ala ɗaya, masu iya bin burhaninsa a duniya ƙila ba su cika aji guda ba, su ma sai bayan shekaru za su waiwaye shi. Kasuwar ce ta bambanta, ba hajar ba.

Abin da ya fi damuna, in ban yi kuskure ba, yana cikin lissafin kansa. A ɗauki takarda, a jera maƙalun mutum layi-layi daga wadda aka fi ambata, kowane ambato ɗigo ɗaya: ma'aunin Hirsch ba komai ba ne face gefen murabba'i mafi girma da ya shiga kusurwar ɗige-ɗigen, abin da ma'abota fannin ke kira murabba'in Durfee. A kan haka Alexander Yong ya nuna a 2014 cewa jimlar ambato kaɗai tana kusan bayyana lambar, ta yadda mai ambato 10,000 zai faɗo kusa da 54. To wane sabon ilimi muka samu? Kuma da a ce Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya wallafa littafinsa a kan tsara hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, zai zo gaban kwamiti yau, da hannu wofi za a sallame shi.

Sai dai wajibi ne in taƙaita da'awata, tunda abokina ya ce, da gaskiyarsa, ba Katsinawi ake yi wa ƙarin girma ba. Tsakanin mutum biyu 'yan fanni ɗaya, sa'o'in juna a aiki, lambar tana iya nuna wanda ya kamata a fara buɗe fayil ɗinsa. Iyakar abin da dalili ya ba ni ke nan. Shi kuwa har muka wuce Ƙofar Na'isa bai janye ba, yana tambayata wa zai zauna ya karanta maƙala 40.