TARIHI: Yadda Maƙeran Azurfa da Tagulla Suke Tarayya a Wuta Ɗaya



A yau idan matashi ya ce zai shiga sana'ar ƙera zobe da 'yan kunne da warwaro, abin da ke fara karya masa gwiwa shi ne farashin kayan aiki: injin murza ƙarfe, tukunyar gas da bakin wutarta, injin goge kaya, ga kuma ma'auni. Sai ya lissafa, ya ga jarin ya fi ƙarfinsa, ya haƙura. Alhali idan aka waiwayi tarihin wannan sana'a, da wuya ka sami maƙerin da ya fara aiki da kayan kansa shi kaɗai. Tun asali a tarayya ake yin ta, kuma tarayyar tana da ƙa'idojin da suka riƙe ta.

Hausawa sun raba maƙera gida biyu. Akwai maƙeran baƙi, masu fartanya da garma da gatari. Akwai maƙeran fari, ko maƙeran farfaru, masu aikin azurfa da jan ƙarfe da tagulla, waɗanda ke yi wa mata mundaye da zobba, su yi wa sarakuna adon dawakai. Sana'ar gado ce, don haka maƙerar ta gida ce. Uba da ƙannensa da 'ya'yansu suna zama a rumfa ɗaya ko zaure ɗaya, kowa da buzunsa da 'yan ƙananan kayansa irin su magagari da awartaki, amma murhu ɗaya ne, zugazugi ɗaya, babbar uwar maƙera ma ɗaya. A birane irin su Kano akwai Sarkin Maƙera, wanda ta hannunsa aikin fada ke saukowa a raba wa gidaje.

Babban dalilin haɗuwar shi ne wuta. Azurfa ba ta narkewa sai zafi ya kai kusan digiri 962 a ma'aunin Selshiyas, jan ƙarfe kuwa sai ya kai 1,085. Kai gawayi wannan matsayi aiki ne ja. Dole a nemo gawayi mai ƙarfi irin na ƙirya, dole kuma a sami mai zuga, domin mutum ɗaya ba zai iya riƙe awartaki yana duban kasko, kuma yana danna zugazugi ba tsayawa ba. Saboda haka idan wuta ta kama, asara ce a bar ta ta mutu a kan aikin mutum ɗaya. Wannan ya narka nasa ya zuba, wancan ya ɗora nasa. Yaron da ke zuga kuwa a nan yake karatunsa, yana kallon launin wuta shekara da shekaru kafin a yarda ya taɓa azurfar mutane.

Shi kansa ƙarfen daga nesa yake zuwa, shi ya sa ba a wasa da shi. A shekarar 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a Takadda, a yankin Azbin na ƙasar Nijar ta yau, ya ga ana narka jan ƙarfe a cikin gidaje ana zuba shi sanda-sanda, masu kauri da sirara. Da sandunan ake cefane kamar kuɗi, kuma ya ambaci Gobir da Barno cikin ƙasashen da ake kai su. Bayan kusan shekara 500, a 1851, Bajamushe Heinrich Barth ya tarar da jan ƙarfe na shigowa Kano ta hanya biyu: tsofaffin kaya daga Tarabulus, da kuma wanda fatake ke kawowa daga mahaƙar da ke kudu da Darfur. Ƙarfen da ya sha tafiyar watanni a bayan raƙumi ba wanda zai bari ɓarɓashinsa ya bi shara.

Azurfa kuwa labarinta labarin kuɗi ne. Ba a san ƙasar Hausa da haƙar azurfa ba, don haka tsabar kuɗin waje ake narkawa. Wadda ta fi shahara ita ce liyari mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinta har bayan mutuwar sarauniyar da daɗewa. Nauyinta giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kashi 83 cikin 100 azurfa ce, sauran jan ƙarfe. A zamanin Barth ana canza ta a kan wuri 2,500 a Kano. Amfanin liyari ga maƙeri biyu ne: ita ce kayan aikin, ita ce kuma dutsen awo. Mace ta kawo liyari huɗu a yi mata munduwa, idan an gama a ɗora munduwar a gefe ɗaya na ma'auni, a ɗora wasu liyari huɗu a ɗaya gefen. Ba sai ta iya karatu ba kafin ta gane ko an cuce ta.

A nan ne asirin tarayyar yake, kuma a ganina shi ne abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa. Galibi azurfar da ke cikin maƙera ba ta maƙeri ba ce, ta mai kawo aiki ce, ladan hannunsa kawai yake karɓa. To a rumfar da mutum shida ke aiki, dukiyar gidaje shida ko fiye ce ke yawo tsakanin wuta ɗaya. Ana tarayya a murhu da gawayi da mai zuga, amma ba a tarayya a narki. Kowa da nasa kaskon, kuma kaskon da aka narka tagulla ko dalma a ciki ba a zuba masa azurfa, domin ɗan ɗigon dalma ya isa ya sa azurfa ta riƙa tsagewa a ƙarƙashin guduma. Garin da magagari ke zubarwa a kan fata ake tara shi, a sake narkawa. Ɗan ragin da wuta ke ci sananne ne, ba a faɗa a kansa. Wanda ya wuce wannan, ko ya ƙara jan ƙarfe a ɓoye don nauyi ya cika, ba sunansa kaɗai ya ɓata ba, gidan duka ya jawo wa. Masu sayen kaya ba sa cewa wane ya cuce ni, cewa suke yi kada a kai aiki maƙerar gidan wane. Wannan tsoron ya fi kowane alƙali tsare amana.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka yi haka ba. A Bida ta ƙasar Nupe, maƙeran tagulla da azurfa suna da unguwarsu, Tswata Mukun, kamar yadda masu narka gilashi suke a Masaga. Masanin nan S. F. Nadel, wanda ya zauna a can a shekarun 1930, ya bayyana yadda dangi ke aiki a rumfa ɗaya ƙarƙashin babbansu, da yadda shugaban sana'a ke karɓo babban aiki daga fadar Etsu ya rarraba. Har yau ana aikin, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sanya Bida cikin biranen da ta karrama saboda sana'o'in hannu.

Zuwan Turawa ya fara da yi wa maƙeran fari daɗi. Sulalla da dalolin da aka bugo wa Afirka ta Yamma daga 1913 azurfa ce mai kyau, kashi 92.5 cikin 100, ta ma fi liyari. Ga jirgin ƙasa ya haɗa Kano da Legas, ga kuɗin gyaɗa a hannun manoma, ga aure ana ta yi. Maƙera sun bi 'yan uwansu zuwa zangon kudu, inda baƙo ke sauka a rumfar wanda ya riga shi zuwa, ya yi aiki da wutarsa har ya tsaya da ƙafarsa. Amma daɗin bai jima ba. Azurfa ta yi tsada a duniya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai daga 1920 aka koma buga sulalla da wani haɗin tagulla mai ruwan ɗorawa. A gabashin Najeriya kuma, mundayen tagullar nan da ake kashewa a matsayin kuɗi, waɗanda yawancinsu a Birmingham ta Ingila aka ƙera, gwamnati ta janye su, suka daina aiki a 1949. Kuɗin aljihu ya tashi daga zama kayan ƙira. Sai aka koma narka tsofaffin mundaye, da kwanson harsashi, da guntayen waya, daga baya kuma sanholama da wani farin ƙarfe mai kama da azurfa wanda ko ƙwayar azurfa babu a cikinsa. Da liyari ta ɓace daga hannun jama'a, mai kawo aiki ya rasa dutsen awonsa, ya koma dogaro da bakin maƙeri. Sannan ga kayan ado masu arha na kamfani da suka cika kasuwa.

Duk da haka tarayyar ba ta mutu ba, kaya ne suka canza. Inda ake layi a kan zugazugi, yanzu a kan injin murzawa da na jan waya da na gogewa ake yi, mai injin ya karɓi ɗan abin da aka yanka a kan kowane aiki, a haɗa kuɗin gas da na man janareta. Bambancin shi ne masu zama a rumfa ɗaya yau sau da yawa ba 'yan gida ɗaya ba ne, babu kakan da sunansa zai hana wani ha'inci. Rumfunan da suka ɗore su ne waɗanda suka maye gurbin wannan da abu a fili: ma'aunin giram ɗaya da kowa ya yarda da shi, a auna a gaban mai kaya kafin narki da bayansa, a rubuta a littafi, kowa ya riƙe kaskonsa, kuma kada a sayi wayar jan ƙarfe daga hannun wanda ba zai iya faɗin inda ya samo ta ba.