Yadda ake rubuta adireshin zaure a dandalin sada zumunta masu haɗin gwiwa

Dandalin sada zumunta masu haɗin gwiwa, irin su Mastodon da Lemmy, ba kamfani ɗaya ne ke riƙe da su ba. Sun ƙunshi dubban sabobi, wato manyan kwamfutoci masu adana asusun jama'a, kowace da masu kula da ita da dokokinta. Abin da ya haɗa su shi ne ƙa'idar ActivityPub, wadda hukumar W3C ta amince da ita a Janairun 2018. Muhimmancin tsarin ya ƙara fitowa fili a Nijeriya lokacin da aka dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, domin a nan rufe sabar guda ba ya rufe sauran.

Sai dai adireshi kan rikitar da sabon shiga. Mazauna babban birnin Jihar Adamawa sun san irin wannan: Yola, inda fadar Lamiɗo take, da Jimeta, cibiyar kasuwanci da ofisoshin gwamnati, kowanne da kasuwarsa. Wanda ya ce wa direban Keke Napep “kasuwa” kawai, sai an tambaye shi wacce. Haka zaurukan tattaunawa suke: suna ɗaya kan kasance a sabobi daban-daban, kowanne da mambobinsa.

Saboda haka cikakken adireshi kashi biyu ne, kamar na imel: sunan zaure da sunan sabar. A Lemmy ana fara shi da alamar motsin rai, misali !technology@lemmy.world, wanda daban yake da !technology@lemmy.ml. Adireshin mutum kuwa da alamar @ yake farawa.

Idan ɗalibi a Jami'ar Modibbo Adama ya aika wa abokinsa mahaɗin da ya kwafo kai tsaye daga sabarsa, abokin zai tsinci kansa a sabar da ba shi da asusu, ya iya karatu amma ba zai iya sharhi ba. Idan kuwa cikakken adireshin ya rubuta masa, zai buɗe zauren daga sabar da ya yi rajista.

Zauren da ba a taɓa nema daga wata sabar ba, sai an saka adireshinsa a akwatin bincike kafin ya bayyana, kuma sau da yawa tsofaffin saƙonni ba sa zuwa duka. Idan masu kula da sabar sun katse hulɗa da wata, adireshin ba zai yi aiki ba ko da daidai aka rubuta shi.