TARIHIN SAUYAWAR HARSHEN HAUSA A HANNUN MALAMAI DA FATAKE

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya saɓanin harsuna cikin ayoyinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, harshe yana tafiya ne da tafiyar masu shi, kuma duk baƙon da ya sauka a gari yakan bar wa garin kalmomi. Tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun iso daga Mali da addinin Musulunci a zamanin Sarki Yaji (1349-1385). A zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) kuma Shehu Maghili ya sauka a birnin. Ta hanyar malamai da fatake irin waɗannan Larabci ya shiga bakin Bahaushe.

Da yawa daga kalmomin farko an karɓe su ne da kunne, shi ya sa suka shigo tare da alif da lam ɗinsu: alƙali, alƙalami, allo, albasa, alkama, almakashi. A wasu kuma alif ya faɗi, lam ya zauna, kamar liman, lahira, lafiya, labari da littafi. Wasu sun biyo ta Barno: kasuwa asalinta suƙ ce ta Larabawa, amma sai da ta ratsa harshen Barebari, waɗanda kuma daga gare su aka sami sarautun Galadima da Ciroma da Yarima.

Da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804, rubutun ajami ya bunƙasa. Nana Asma'u da ɗan'uwanta Isa sun mayar da waƙoƙin wa'azi daga Fillanci zuwa Hausa, har makiyayi da matar kulle suka san tauhidi da tuba da hisabi da harshen da suke mafarki da shi.

A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nassarawa, a 1939 kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya. Sai ga mota da tebur da asibiti. A Nijar, inda Faransa ta yi mulki, ana ce wa makarantar boko lakwal. Nan ma Bahaushe ya haɗiye kalmar da harafin gabanta, kamar yadda ya yi wa Larabci a da.

Aro ba aibu ba ne ga harshe. Abin tsoro shi ne ma'ana ta zube. Almajiri daga almuhajir yake, wato wanda ya bar gida domin neman ilimi, kuma manyan shehunai da wannan suna suke kiran kansu saboda tawali'u. A yau a bakin mutane da yawa ya koma mabaraci. Haka nan a 2007 aka cire ajami daga ƙananan takardun naira, alhali a gidaje da zaurukan malamai akwai gafakoki cike da rubutun kakanni waɗanda jikoki da yawa ba sa iya karantawa.

Don haka ya kamata 'yan'uwa su koya wa 'ya'yansu ajami tare da boko, su kuma sanar da su asalin kalmomin da suke furtawa kullum. Allah Ya jiƙan magabata, Ya amfanar da na baya da iliminsu, amin.