Jarumar Mata da jadawalin waƙoƙi: yadda ake ƙidaya waƙar da ta yi tashe

Duk wanda ya yi ƙaramar Sallar 2020 da waya a hannunsa ya san Jarumar Mata, waƙar soyayya mai sanyi ta Hamisu Breaker, ɗan unguwar Ɗorayi a Kano. Lokacin ana kullen korona, sai matan aure suka shiga ɗaukar bidiyo suna taka wa mazajensu rawa da ita. Wasu suka yaba, wasu suka ce abin ya saɓa wa kunyar Bahaushe. Daga nan Uke, kan hanyar Abuja zuwa Keffi, har Sabo a Ibadan da Agege a Legas, da wuya ka wuce shagon cajin waya ba ka ji ta ba. To, wane mataki ta kai a jadawali? Abin da na ga ya dace in warware ke nan.

Jadawalin waƙoƙi jeri ne da ake fitarwa duk mako, daga waƙar da aka fi saurara zuwa ƙasa. Mafi shahara shi ne Hot 100 na mujallar Billboard a Amurka, wanda aka fara a 1958. Ana haɗa cinikin waƙa, da yawan sa ta a rediyo, da sauraro ta intanet, sai lissafi ya fitar da zakara. A can waƙa mai sanyi ma tana cin kasuwarta: Africa ta ƙungiyar Toto ta zo ta ɗaya a Fabrairun 1983. A 2023 kuma Calm Down ta Rema da Selena Gomez ta kai ta uku.

A Najeriya, TurnTable ne ke wannan aiki. Ya fara fitar da jerin waƙoƙi 50 a Nuwamban 2020, ya mayar da su 100 a Yulin 2022. Kun ga ke nan, a watan Mayu da Jarumar Mata take ganiyarta, wannan ma'auni bai ma zo ba. Ita ma manhajar Spotify sai a Fabrairun 2021 ta shigo ƙasar.

Amma ni a ganina babbar matsalar tana hannunmu. TurnTable yana ƙirga abin da aka saurara a manhajoji irin su YouTube, Audiomack da Boomplay, da abin da gidajen rediyo da talabijin suka sa. Mu kuwa yawancinmu wajen masu tura waƙa muke zuwa a cika mana memori, ko aboki ya turo ta Xender ko WhatsApp. Ko sau dubu mai shayi ya kunna waƙa daga memori, babu na'urar da za ta ƙirga, kuma ko kwabo ba ya zuwa aljihun mawaƙin. Ga shi manyan tashoshin Legas ba kasafai suke sa waƙar Hausa ba, duk da yawanmu a Mile 12 da Idi-Araba.

Abin fa ba wasa ba ne, domin alƙaluma su ne takardar shaidar mawaƙi a yau. Da su kamfani ke yanke wanda zai ba talla, da su mai shirya wasa ke sa farashi. Mawaƙin da ba shi da su, ciniki a ƙasa ake masa, ko da kowane gidan biki muryarsa ce ke tashi.

Na san data tana tsada, ba na cewa a daina memori. Amma waƙar da kake so, idan da hali, ka saurare ta a shafin mai ita, ka kuma buga wa tashar garin da kake ka roƙi a sa maka. Wannan ne kaɗai sauraron da ke shiga lissafi.