Jirgin Ƙasan Da Bai Iso Guéné Ba

Garin Guéné yana kan babbar hanyar da ta taso daga Kandi zuwa Malanville, a arewacin Jamhuriyar Benin, kusa da iyakar Nijar. Da shirin Turawan Faransa ya cika, da ta wannan yanki layin dogo zai bi ya kai bakin kogin Kwara.

An fara shimfiɗa layin daga Kwatano a 1900, ƙasar tana amsa sunan Dahomey. Aikin ya yi ta jan ƙafa, sai a 1936 ya isa Parakou, tafiyar kilomita 438. Nan ya tsaya, saura fiye da kilomita 300 a kai kogi.

A waɗannan shekaru, abin da ya dami kamfanonin jiragen birnin Paris daban ne. Kan jirgi mai tururi idan ya kai ƙarshen layi, sai an kwance shi, an zagayo da shi ɗaya gefen kafin a juya. Don gudun wannan ɓata lokaci aka yi taragon tura-da-ja: a tafiya kan jirgi ya ja, a dawowa ya turo daga baya. Direba yana zaune a wani ɗan ɗaki a goshin taragon ƙarshe, birki na hannunsa, mai zuba kwal kuwa yana can wajen wuta. Ma'aikatan Paris ake tattalin wa mintoci. Layin Dahomey kuwa hanyar fitar da amfanin gona ce zuwa teku, kuma inda lissafin riba ya ƙare, nan ƙarfen dogo ya ƙare.

A shekarun 1950 Faransa ta so janye gyaɗar Nijar daga hanyar Kano, inda jirgin Ingilishi ya isa tun 1911. Sai ta ɓullo da shirin Hirondelle, wato tsattsewa: manyan motoci su kwaso buhuna daga Nijar, su ratsa Gaya da Malanville da Guéné, su sauke a tashar Parakou. Aka gina gada a kan kogin a 1958, aka kafa hukumar sufuri ta ƙasashen biyu, OCDN, a 1959.

A 2014 kamfanin Bolloré ya fara layi daga Yamai, ya tsaya a Dosso. Guéné tana tsakanin ƙarshen layi biyu, manyan motoci sun yi ta wucewa ta cikinta dare da rana.