Jami'ar da Ta Tarar da Ƙofa a Buɗe

A da, ɗan Dutse mai neman digiri yakan kama hanyar Kano ko Zariya. A can, bincike na nufin laluben kati a akwatunan laburare, sannan neman mujallar da wataƙila rabon da a saye ta tun shekarun 1980, lokacin da naira ta faɗi, jami'o'i suka kasa biyan kuɗin mujallun waje.

Jami'ar Tarayya ta Dutse, ɗaya daga cikin tara da gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa a 2011, ta zo ne bayan an sauya zamani. Tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe HINARI domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su karanta mujallun likitanci kyauta ko da rahusa. AGORA ta aikin gona ta biyo baya a 2003. A 2006 JSTOR ta yafe wa makarantun Afirka kuɗin shiga rumbunta.

To, me ya sa har yau ɗalibi ke tsayawa a shafin farko na Google? A ganina, ba lalaci ba ne kaɗai. Rumbunan nan ba su san ɗalibi ba, makarantarsa suka sani. Suna gane ta ne ta lambar adireshin intanet ɗinta, ko ta kalmar sirrin da aka ba ma'aikacin laburare. Ɗalibin da ya koma ɗakinsa a cikin gari ya kunna datar wayarsa ya zama baƙo. Sai shafin ya nemi daloli a kan maƙala guda. Akwai manhajar da ke gane ɗalibi duk inda yake, kuma kafa ta ba wani jan aiki ba ne, amma tana son wuta da mai kula.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Dutse garin dabino ne, har cibiyar NIFOR tana da reshen binciken dabino a nan. Fadamun Haɗeja kuwa sun sha nazari. Amma kundin digiri da yawa iyakarsa bango mai kauri da kantar sashe. Ɗaliba a Birnin Kudu za ta fi saurin samun binciken dabinon Masar a wayarta fiye da wanda yayarta ta rubuta bara a Dutse.