Juyi 175 a Minti Ɗaya: Tarihin Injin Goge Daɓe

Kafin wutar lantarki ta shiga manyan gine-ginen Turai da Amurka, ƙyallin daɓe aikin gwiwa ne. Leburori kan durƙusa da burushi da tsumma, su shafa kaki, su yi ta murza har katako ko ledar linoliyam ta ɗauki sheƙi. A farkon ƙarni na 20 ne injin lantarki ya fara karɓar wannan wahala a Amurka.

Injinan farko nauyinsu a rabe yake, kaso mafi tsoka a kan tayoyi, kaɗan a kan burushi, don haka ba sa cin datti sosai. Burushin ma na zaren tsirrai ne, irin su tampico da ake samu daga Meziko. Sauyin da ya haifar da injin da aka sani a yau shi ne ɗora nauyin gaba ɗaya a kan faifai guda mai juyawa. Daga nan aka daina tura shi da ƙarfin ƙirji. Mai aiki ya ɗan ɗaga mariƙi, injin ya zame dama. Ya ɗan sauke, ya koma hagu. Gudunsa ya tsaya a wajen juyi 175 a minti ɗaya, kuma har yau a nan yake.

Abin da ya ci gaba da sauyawa shi ne abin da ke ƙarƙashin injin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tayil ɗin roba mai araha ya mamaye makarantu da asibitoci. A shekarun 1950 ruwan sheƙi na sinadarai ya fara ture kakin karnuba na Burazil, kuma a ƙarshen shekarun ne faifan soso na zaren roba ya shigo kasuwa. Launinsa ke faɗin aikinsa: baƙi na kankare tsohon shafi, ja na gogewar yau da kullum, fari na fito da sheƙi. Daga shekarun 1970 manyan kantuna suka so daɓe mai ƙyalli kamar an zuba ruwa, aka ƙera injina masu juyi fiye da 1,000 a minti.

Sai dai gudun ya zo da farashinsa. Yawancin tayil ɗin wancan zamani an cakuɗa su da asbestos, ma'adinin da ƙurarsa ke haddasa cutar huhu da kansa. Soso mai kaushi a kan busasshen tayil yakan tayar da wannan ƙura, kuma mai riƙe da injin ne farkon shaƙa. Saboda haka hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta shar'anta cewa a kankare irin wannan daɓe a jiƙe, da soso marar kaushi, a gudun da bai kai juyi 300 ba.

Wannan ƙa'ida ta dawo wa tsohon inji da martabarsa. Mai saurin ya iya sheƙi, amma wanki da kankara suna buƙatar nauyi da ruwa da haƙuri. Duk shugaban asibiti ko makaranta da zai sayi inji, tambayar farko ba ta gudu ba ce. Ita ce: da me aka yi daɓen, kuma wa zai shaƙi ƙurarsa?